Shafin makarantar Yaya ya ɓace, kalmar sirrin ta tafi da ɗan bautar ƙasa

Ranar Lahadin da ta wuce Yaya ya kira ni daga Katsina, bayan gaisuwa da tambayar iyali sai ya ce, "Kai fa sana'arka ce, shafin nan namu na intanet ya daina buɗewa, duba mana daga nan wajenku." Muna cikin maganar na buɗe a wayata, wayam, sai wani rubutu da ke cewa sunan na sayarwa ne. Na ce Yaya wa ya yi muku shafin? Ya ce wani yaro ɗan bautar ƙasa da aka taɓa turo musu, ya gama hidimarsa ya koma garinsu. Na ce to kalmar sirrin fa, da imel ɗin da aka buɗe da shi? Ya ɗan yi shiru sannan ya ce ai duk suna wajen yaron, kuma lambarsa ma yanzu ba ta shiga.

Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin na san yadda Yaya ya gina makarantar nan, daga aji biyu a zaure har ta kai nazire da firamare da Islamiyya da yamma, kuma na san kuɗin da ya biya aka yi shafin ba kaɗan ba ne a wajensa. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa sunan shafi haya ake yi shekara-shekara kamar shago, in ba ka sabunta ba ya fita daga hannunka.

Ni a nan Bradford ta ƙasar Ingila aikina kula da kwamfutocin ƙananan makarantun firamare ne, ina zagayawa, kuma akwai ɗaya da nake zuwa duk Talata da Alhamis wadda a girma ba ta fi ta Yaya da wani abin kirki ba. A sitonsu har yau akwai wata tsohuwar kwamfuta samfurin BBC Micro mai jajayen maɓallai a layin sama, irin wadda ta fito a 1981, lokacin da gwamnati ke biya wa makarantu rabin kuɗin. Matar da ke ofis, wadda ta daɗe a wurin fiye da kowa, ita ta ba ni labarin yadda abubuwa suka tafi. Da farko kwamfuta ɗaya ce tal a kan keken turawa, ana kai ta aji-aji. Daga baya rijistar yara ta tashi daga takarda ta koma SIMS, manhajar da wani malamin makaranta ya fara a Bedfordshire a shekarun 1980 ta bazu ko'ina a Ingila. Shafinsu na farko kuwa wani malamin aji ne ya zauna a gida ya haɗa, hoton ƙofar makaranta da lambar waya da ranakun hutu, shi ke nan.

Sai ta faɗi abin da ya sa na tuna da Yaya. Ta ce malamin nan da ya bar aiki shi ma da kalmar sirrin ya tafi, shafin ya daɗe yana nuna ranakun hutun da suka wuce tuntuni, iyaye na bugo waya suna faɗa. To ka ga kenan su ma sun taka wannan ƙayar, don haka ni ban yarda da masu cewa wai Bature ya fi mu tsari tun daga jini ba. Bambancin, da ta soke su sau ɗaya sai suka gyara. Yanzu sunan shafin na makaranta ne, yana ƙarewa da sch.uk, ba a rubuta shi da sunan wani mutum ba. Kalmomin sirri suna cikin ambulan a sef ɗin ofis, mutum biyu suka san wurin. Kuɗin sabuntawa yana cikin kasafin shekara kusa da kuɗin wuta da ruwa. Sannan doka ma ta shigo, tun 2012 dole makarantar gwamnati a Ingila ta sa wasu bayanai a shafinta, rahoton masu duba makarantu na Ofsted, ƙa'idar ɗaukar ɗalibai, abin da ake koyarwa, tsarin ladabtarwa, kuma masu dubawar kafin su zo sai sun leƙa shafin. Da zarar abu ya zama wanda za a tambaye ka a kansa, ai dole a samu mai kula da shi.

Mu a gida ta ina muke farawa? Ta ɗakin kwamfuta. A sayo ko a samo kyauta, a jera su a kan tebura, a ɗinka musu riguna saboda ƙura, a kira manya a yanka kyalle a ɗauki hoto, sannan a kulle ɗakin. Lokacin da na je gida hutu na shiga na Yaya, kwamfuta goma sha biyu, na ɗaga rigar ta farko ƙura ta tashi, na kunna janareta da kaina muka gwada su ɗaya bayan ɗaya, huɗu suka tashi, biyu daga ciki tsohuwar manhajar Windows XP ce a kai, wadda kamfanin da ya yi ta ya daina kula da ita tun 2014. Ban ga laifin Yaya ba, man janareta na awa biyu ya kusa cinye kuɗin makarantar yaro guda, kuma malamin da ya iya abin in ya samu inda ya fi albashi tafiya zai yi. Amma abin da ke ci min rai shi ne tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yaro ya gama sakandare ranar jarrabawa ce zai fara riƙe linzamin kwamfuta, hannunsa na rawa lokaci na tafiya, alhali a firamarensu akwai ɗaki a kulle da injinan da zai iya koya a kai ko da sau ɗaya a mako.

Kuma kada a ce ina so mu kwafi Ingila ne, a'a. Lokacin korona, da aka rufe makarantu a nan a watan Maris na 2020, komai ya koma Google Classroom, manhajar karatu ta intanet, ni da kaina na riƙa kai laftof gida-gida ina ajiyewa a bakin ƙofa. A gida kuwa jihohi irin su Kano da Kaduna darasi suka sa a rediyo, kuma a ganina daidai suka yi, domin rediyo ce ke kowane gida, ba ta buƙatar data. Haka nan in za a faɗi gaskiya, shafin makarantar Yaya na ainihi ba wancan da ya ɓace ba ne, zauren WhatsApp na iyaye ne. A nan ake sanar da hutu da ranar biyan kuɗi, a nan uwar da ba ta iya karatun boko ba take tura saƙon murya ta ce yaronta zazzaɓi yake yi ba zai zo ba. Wancan shafin da Turanci aka rubuta shi, ina shakkar ko iyaye goma sun taɓa buɗe shi, shi ya sa ma har ya mutu ba wanda ya lura sai da Yaya ya so nuna wa wani baƙo.

Sai dai zauren nan ma lambar wani malami ce ke riƙe da shi, ranar da ya tafi labarin ɗan bautar ƙasa zai maimaita kansa. Kuma na ga ana ɗaukar hoton takardar sakamakon aji guda a watsa a ciki, kowa ya ga ɗan wane ne ya zo na ƙarshe. Wannan a nan yana iya jawo kora daga aiki, a Najeriya ma akwai dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko ba doka ai tozarta yaro ne da iyayensa, ba mu bukatar wani ya koya mana wannan.

Duk waɗannan ba su kai rijista damuna ba. Sunayen yaran da suka bi ta makarantar nan tun farko suna cikin manyan littattafai a kabad, gara ta fara cin na ƙasa, na baya-bayan nan kuma suna cikin laftof ɗaya na hannu da ke ofis, babu kwafi ko'ina. Ruwan sama ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya isa. Makarantar da nake zuwa a nan ita ma da a cikin wani kabad sabarta, wato kwamfutar da ke ajiye bayananta, take, kusa da bokitin goge-goge, kullum da yamma matar ofis sai ta cire kaset ɗin kwafi ta sa a jaka ta tafi da shi gida don ko gobara za ta tashi. Yau komai nasu yana kan intanet, amma ɗabi'ar nan ta kada abu ya zauna a wuri ɗaya tun zamanin kaset suka saba da ita, kuma ba ta cin kuɗi, fulash biyu sun isa.

Da Yaya ya ce to in nemo masa wanda zai yi sabon shafi, na ce Yaya don Allah a dakata tukuna. A daren muka buɗe imel da sunan makaranta, ya rubuta kalmar sirrin a takarda ya sa a ambulan, ɗaya wajensa ɗaya wajen hedimasta. Washegari ya sayi layi na makaranta ita kaɗai aka mayar da zauren iyaye kansa. Akwai wata malama mai koyar da aji uku mai saurin hannu, ta yarda duk Juma'a bayan an tashi za ta zauna awa ɗaya tana shigar da sunaye daga tsofaffin littattafan, ni zan riƙa tura mata kuɗin data da ɗan na alheri. Kwamfuta huɗun nan da suka tashi kuma na roƙe shi a fitar da su daga rigunansu, 'yan aji shida su riƙa shiga biyar-biyar duk ranar da aka kawo wuta. Jiya malamar ta turo min hoton shafin farko na littafin da gara ta fi ci, tana tambaya ko ta fara da shi, na ce eh, da shi za ta fara.