Kun ga Kimura a allo, ba ku ga lokacin da yake rawa a bayan wasu ba

Daren jiya a shagon cajin waya na layinmu na tarar da samari sun yi cincirindo a kan waya guda, suna kallon wani mawaƙi kuma ɗan wasan kwaikwayo na Japan, Takuya Kimura. Ɗan maƙwabcina, wanda ya ajiye koyon ɗinki wata biyu da suka wuce don ya rera waƙa ɗaya a situdiyo, ya taɓe baki ya ce wai wannan ai kyan fuska ne da sa'a. Wallahi raina ya ɓaci.

Sa'a, yaro? A 1987 wannan bawan Allah ya shiga harkar, bai wuce shekara 15 ba, kuma aikinsa na farko rawa ce a bayan manyansa, ba mai ko ambaton sunansa. An kafa ƙungiyarsu ta mawaƙa, SMAP, a 1988, amma sai 1991 suka fitar da faifai, bai kuma zo na ɗaya a kasuwa ba. Sai 1994 suka hau wannan matsayin. Kai da waƙarka ta kwana uku a TikTok ba ta tashi ba, har ka fara zargin ana yi maka asiri!

Sun fito ne daidai lokacin da manyan shirye-shiryen waƙa na talabijin suke mutuwa a Japan. Ba su zauna suna cizon yatsa ba. Suka koma wasan barkwanci, suka ɗaura kyallen girki suna dafa wa baƙi abinci a gaban kyamara. Shirinsu SMAP×SMAP ya fara a 1996, duk daren Litinin, har shekara 20. A shekarar ce wasan kwaikwayon talabijin mai suna Long Vacation ya ɗaga Kimura, shekara tara da shigarsa sana'ar. Ko da ƙungiyar ta watse a ƙarshen 2016, bai ajiye aiki ba.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, 'yan uwana. Ku kuna son suna yau, mota gobe, amma a ce ku riƙe wa wani jaka sai ku ce an raina ku. Da rarrafe yaro kan tashi. Ku kuwa so kuke a haife ku da gudu.

Kuma kada a ce na wanke harkar tas. Kamfanin da ya raini Kimura ya amsa a 2023 cewa wanda ya kafa shi ya daɗe yana lalata da yara maza. Iyayen da ke miƙa 'ya'yansu ga duk wanda ya ce zai mai da su taurari, ku ma da ku nake.

Da, ɗan amshi sai ya shekara goma a bayan ubangidansa, yana ɗaukar kalangu, yana cin ragowar tuwo, kafin a ba shi baiti ɗaya ya ja. Tela sai ya gaji da sa maɓalli kafin ya taɓa almakashi. Ina waɗannan yaran suka tafi? Keken ɗinkin ɗan maƙwabcina na nan a zaure an lulluɓe shi da tsohon zane, uwarsa ce ke share masa ƙura.