Nasiha A Kan Finafinan Sistocin Coci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan uwa maza da mata.

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a wayoyinmu: mace cikin doguwar baƙar riga, kanta a lulluɓe, farin ƙyalle ya zagaye mata fuska, idanu rawaya, haƙora zaƙo-zaƙo. Yara na tura wa juna don tsoratarwa, manya na mayar da shi sitika a WhatsApp. Daga fim ɗin The Nun aka ciro shi, wanda ya fito a 2018, aka gina labarinsa a wani gidan zuhudu na ƙasar Rumaniya a shekarar 1952, inda shaiɗani ke fitowa a siffar sistar coci. An kashe kimanin dala miliyan 22 wajen yin sa, ya dawo da fiye da dala miliyan 360. Da masu shi suka ga wannan riba, sai suka sake yin na biyu a 2023. Ni dai wannan hoto ya dame ni, kuma ina so mu tsaya mu dube shi da idon imani.

Me aka ɗauka aka mayar abin tsoro? Mace ce da ta rufe jikinta, ta riƙe carbi, ta tashi da dare don addu'a. Mai shirya fim ya san abin da yake yi. Ya san zuciyar ɗan Adam tana natsuwa idan ta ga kamun kai da ibada, shi ya sa ya zaɓi wannan siffar ya cusa mata aljani, domin firgicin ya fi ratsa jiki. Yaron da ya kalli wannan yana ɗan shekara goma, ba tarihin cocin Katolika ya koya ba. Abin da ya zauna masa a ƙwaƙwalwa shi ne lulluɓi da duhu da salla ta dare suna tafiya tare da mugun abu. To 'yar'uwa mai dogon hijabi, wa kike tsammani wannan darasin zai fara taɓawa in ba ke ba? Mun sha kuka da yadda finafinan Amurka ke nuna mai gemu da rawani a matsayin ɗan ta'adda, muna cewa zalunci ne, kuma lallai zalunci ne. Bai kamata abin da muka ƙi a yi mana ya zama abin nishaɗinmu ba don kawai an yi wa wasu.

Wani nau'in kuma na dariya ne. A Sister Act na 1992, wata mawaƙiya ce ta ga an yi kisa, 'yan sanda suka ɓoye ta a gidan sistoci, sai ga masu ibadar an nuna su a matsayin bayin Allah da ba su san komai ba, sai da baƙuwa ta zo ta koya musu rawa da annashuwa sannan rayuwarsu ta yi armashi. Akwai nau'i na uku da ba zan ko ambaci sunayensu ba, waɗanda ke amfani da rigar zuhudu don tallata batsa. Wannan haramcin kallonsa bai buƙatar dogon bayani.

To su waye waɗannan mata a zahiri? A cocin Katolika akwai kusan mata 600,000 a duniya da suka ɗauki wannan rayuwa. Mace ba ta shiga yau ta zama sista gobe. Sai ta yi zaman gwaji na aƙalla shekara guda, sannan ta yi alkawarin wucin gadi na wasu shekaru, kafin ta ɗauki na dindindin. Alkawuran uku ne: ba za ta mallaki dukiyar kanta ba, ba za ta yi aure ba, za ta yi biyayya ga shugabanninta. Wasu ba sa fita daga gidan sai da lalura, yininsu a rabe yake tsakanin addu'a da aikin hannu da shiru, bisa tsarin da ya samo asali tun ƙarni na 6, wanda ya tanadi lokutan addu'a bakwai da rana da ɗaya da dare. Wasu kuma a waje suke aiki, a asibiti da makaranta da gidan marayu. Wanda ya taso a Kaduna ko Jos ko Kano ba sai an ba shi labari ba, domin akwai Musulmi da dama da aka haifa a hannunsu ko suka yi karatu a makarantunsu. Uwa Teresa, wadda aka haifa a 1910, ta kafa ƙungiyarta a Kalkata ta Indiya a 1950, ta shafe rayuwarta tana ɗauko kutare da masu mutuwa a bakin titi har ta rasu a 1997.

Kada wani ya ce ina kiran mutane zuwa ga hanyarsu. Aƙidarmu a fili take, kuma saɓaninmu da su a kan tauhidi ba ƙarami ba ne. Shi kansa ƙaurace wa aure da duniya da sunan ibada, Alƙur'ani ya yi magana a kansa a Suratul Hadid, aya ta 27. Ku duba yadda ayar ta jero maganar. Ta fara da cewa Allah ya sanya tausayi da jinƙai a zukatan waɗanda suka bi Annabi Isa, alaihis salam. Sannan ta ce ruhubananci su suka ƙirƙiro shi, Allah bai wajabta musu ba, neman yardar Allah suka yi, amma ba su kiyaye shi yadda ya kamata ba. Sannan ta ce waɗanda suka yi imani daga cikinsu an ba su ladansu, da yawa kuma daga cikinsu fasiƙai ne. A aya ɗaya an yabi abin yabo, an bayyana kuskure, an bambance tsakanin mutum da mutum, kuma babu izgili ko ɗaya a ciki. Wannan ne ladabin da Ubangijinmu ya koya mana, kuma shi ne muka bari muka koma tura sitika.

Haka a Suratul Ma'ida, aya ta 82, da Allah ya ambaci kusancin Nasara ga muminai wajen soyayya, dalilin da ya bayar shi ne a cikinsu akwai malamai da ruhubanawa, kuma ba sa girman kai. A Suratul Hajji, aya ta 40, da ya lissafa wuraren da za a rusa in ba don yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba, ɗakunan ibadar ruhubanawa ya fara ambata, masallatai suka zo a ƙarshen jerin. Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, da zai tura runduna Sham ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan wasiyya, kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa zai tarar da wasu mutane da suka ce sun tsare kansu saboda Allah, to ya ƙyale su da abin da suka ce sun tsare kansu dominsa. A fagen yaƙi ke nan fa, takobi a zare. Salmanul Farisi kuwa, a hannun irin waɗannan mutane ya yi ta yawo daga Sham zuwa Mausil zuwa Nasibin zuwa Ammuriyya, na ƙarshensu ne ya siffanta masa Annabin da zai bayyana a ƙasa mai dabino.

Ba kuma ina cewa duk gidan zuhudu wurin tsarki ba ne. Alƙur'anin da ya yaba, shi ne ya ce a Suratut Tauba, aya ta 34, da yawa daga malaman Yahudu da ruhubanawa suna cin dukiyar mutane da ƙarya. A ƙasar Ailan an yi gidajen wanki da sistoci ke gudanarwa, inda aka tsare kimanin mata 10,000 tsakanin 1922 da 1996 suna aiki ba albashi, wasunsu laifinsu kawai sun yi ciki ba aure. Sai a 2013 firaministan ƙasar ya tsaya a majalisa ya nemi gafararsu. An yi fim a kan wannan a 2002, kuma irin wannan fallasa zalunci ne, ba ɗaya yake da na aljanu ba. Wanda ya kalle shi daga cikinmu, ina roƙonsa kada ya tsaya a "ka ga halinsu". Ya tuna a 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon bulala a baya, kuma da sunan gyaran tarbiyya aka tsare su. Duk inda aka rufe ƙofa a kan mai rauni, aka ce kada kowa ya tambaya domin aikin Allah ake yi, shaiɗan ya sami wurin zama, ko wane addini ne a rubuce a ƙofar.

Akwai fim ɗaya da ya tsaya mini a rai, Dead Man Walking na 1995, domin labarin mace ce ta gaske, Sista Helen Prejean ta jihar Luwiziyana a Amurka. A 1982 ta fara rubuta wa wani fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa wasiƙa, ta riƙa ziyartarsa har ranar da aka zartar da hukuncin a 1984. Ba sai ka yarda da ra'ayinta a kan hukuncin kisa ba, mu muna da ƙisasi a shari'armu. Abin da ya kama ni shi ne ta ƙi barin mai laifi ya mutu ba tare da wani ya tuna masa da tuba ba. Mu da muke da hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari kuma Allah ya karɓi tubarsa, yaushe rabon da ɗayanmu ya taka gidan yari don ya kai wa wani sabulu da kalmar Allah?

Musulunci bai nemi mu bar aure ko kasuwa ba. Mutum uku sun zo gidajen matan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, suna tambayar ibadarsa. Ɗaya ya ce zai yi ta sallar dare har abada, ɗaya ya ce zai yi ta azumi ba hutu, na ukun ya ce ba zai yi aure ba. Manzon Allah ya ce musu shi ya fi su tsoron Allah, amma yana azumi yana sha, yana salla yana barci, yana kuma auren mata, wanda ya ƙi sunnarsa ba ya tare da shi. Usmanu ɗan Maz'un ya nemi izinin barin aure don ibada, aka hana shi. An ga igiya a ɗaure a masallaci, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwa sai ta riƙe, Annabi ya ce a kwance ta, kowa ya yi salla gwargwadon kuzarinsa. Waɗannan hadisai muna son su, muna saurin kawo su. Amma ku lura da waɗanda aka faɗa wa: mutane ne da ibada ta yi musu yawa har sai da aka ja musu linzami. Mu fa? Wanda Asuba ke wuce shi saboda ya kwana yana kallo har ƙarfe uku, ba shi ne ake ce wa ya kwance igiya ba. An ɗauke mana zaman gidan zuhudu ne domin mu kai ibadar cikin kicin da shago da ofis da ɗakin aure, mu yi ta a tsakiyar hayaniya, ga kukan yaro ga mai bin bashi a ƙofa.

Kuma muna da wadda ta nuna ana iyawa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar aure ce, mijinta Waziri Giɗaɗo, uwar 'ya'ya ce, ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji, wato mata malamai, da suke kai karatu ƙauyuka wurin matan da ba sa iya zuwa. Ba ta rufe kanta a bayan katanga ba, kuma babu wanda zai ce zuhudu ya kuɓuce mata. Yarinyar da ta kalli fim ta ji sha'awar natsuwar sistoci, wannan sha'awa ce mai kyau a asalinta, kada a yi mata dariya. A nuna mata tsayuwar dare, da azumin Litinin da Alhamis, da i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan wanda matan Annabi suka yi, da kula da maraya da mara lafiya. A karanta mata labarin Nana Maryamu a Suratu Ali Imrana, yadda mahaifiyarta ta yi bakancen ta tun tana ciki, da yadda Annabi Zakariyya ke shiga wurin ibadarta ya tarar da abinci.

Iyaye, ku san abin da ke cikin wayar yaranku, Allah zai tambaye ku. Suratul Isra'i, aya ta 36, ta ce ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Idan yaro ya riga ya kalla, ku zauna da shi ku gaya masa cewa matar da ke cikin wannan rigar mutum ce mai neman Allah ta hanyar da muke ganin kuskure ce, shiriya muke roƙa mata, kuma maƙwabcinsa Kirista yana jin zafin wannan hoton kamar yadda shi zai ji in an yi wa hijabin mahaifiyarsa.

Ku kuma 'yan uwana masu fassara finafinai zuwa Hausa, da masu tura wa mutane a shaguna, sana'arku ce kuma Allah ya sa mata albarka, amma ku ji tsoron Allah a kan barkwancin da kuke ƙarawa da bakinku idan an nuno coci ko sista. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah a kan jahilci, kuma a garuruwanmu mun ga abin da kalma ɗaya ke haifarwa. Yaro ɗan firamare in ya zo da kati ya ce a tura masa fim ɗin sista mai aljanu, ku ce masa babu. Mai wannan sitika a wayarsa kuma, ina roƙonsa don Allah ya goge ta yau.