Kafin mawaƙin Damagaram ya sake cewa "ku zaɓe ni"

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na matasan Damagaram ya san irin saƙon: hoton saurayi ko budurwa riƙe da makirfo, lamba a ƙasa, sai roƙo ya biyo baya, "Ƴan uwa a taimaka a zaɓe ni, ƙuri'a ba ta da iyaka." To a nan gizo ke saƙa. Zaɓen da mutum ɗaya zai jefa ƙuri'a sau ɗari muddin akwai kuɗi a wayarsa, aljihun dangi yake aunawa, babu ruwansa da wanda ya fi iya waƙa.

Mu buga lissafi a kan misali, ba a kan wata gasa takamaimai ba. A ce ƙuri'a ɗaya sefa 100 ce. Ƴan takara 20, kowanne ya tattaro ƙuri'a 2,000 daga wajen gwaggo da kawu da abokan fada. Ƙuri'a 40,000 ke nan, kuɗi miliyan 4. A ba na ɗaya jika 500, wato sefa 500,000, da kofi, a yi hotuna, a watse. Sauran 19 kowanne mutanensa sun zubar da jika 200, kuɗin da zai shigar da shi sitidiyo ya fito da aikin da zai riƙa nunawa shekara da shekaru. Ban ce duk mai shirya irin wannan gasa macuci ne ba. Hayar zaure da kayan sauti da talla duk kuɗi suke ci. Amma mawaƙi ya san matsayinsa a cikin lissafin: shi ne ke kawo wa gasar kuɗi, kuma akasari shi ne ke fita hannu rabbana.

Akwai gasar da ta amsa sunanta. Gasar Ɗan Gurmu, wadda aka ƙirƙiro a 1987 da sunan shahararren mawaƙin nan na jihar Tawa, alƙalai ne ke zama su saurari ƙungiyoyin da suka fito daga jihohin ƙasa, a hau dandamali a kaɗa a rera a gaban jama'a. Ko wanda bai ci ba ya ƙaru, don shirin zuwa kaɗai ya tilasta masa makonni na atisaye da makaɗa, abin da yaron da ya saba na'ura ta gyara masa murya bai taɓa yi ba. Saboda haka kafin mutum ya ba da sunansa a kowace gasa, ya tambayi su wa za su yanke hukunci. Ya karanta takardar da za a ba shi ya sa hannu, musamman wurin da ke cewa masu gasar na da ikon amfani da waƙarsa, har zuwa yaushe, kuma a ina. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne ya nemi wanda ya ci bara ya tambaye shi ko kyautar ta shiga hannunsa. Amsar wannan tambaya ɗaya ta wadatar.

Na fahimci abin da ya sa matasa ke rububin kowace gasa da ta ɓullo. Ƙofofin da aka saba leƙawa sun ragu cikin ɗan lokaci. Gidan rediyon RFI, mai gasar zaƙulo sababbin mawaƙan Afirka tun 1981, an dakatar da shi a Nijar a watan Agusta na 2023. A watan Maris na 2025 ƙasar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda wasanninta, irin waɗanda Yamai ta karɓi baƙunci a 2005, ke ɗauke da gasar waƙa. A cikin watan ne kuma aka rusa jam'iyyun siyasa, kuma kowa ya san mawaƙa nawa ne waƙar kamfe ke riƙe musu gida. Ra'ayin mutum a kan waɗannan matakai nasa ne. Abin da ya shafi sana'a shi ne iyayen gida sun yi ƙaranci, a garin da waƙa ta saba rayuwa a inuwar ubangida tun zamanin makaɗan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo. Mawaƙin yau mai cin gashin kansa ba shi da sarkin da zai ba shi doki da riga. Dole ya nemo masu sauraro da ƙafarsa.

Kuma masu sauraron suna kusa, sai dai mun saba juya musu baya. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Zuwa Kano kuwa, ta Matamaye da Daura, kilomita 240 ne ko kusa da haka. Babbar kasuwar waƙar Hausa tana nan kudu da mu, tafiyar da ba ta kai yini ba, harshe ɗaya, biki iri ɗaya. Fati Nijar daga Maraɗi ta fito, a Kano ta yi suna, sunan ya dawo gida ya same ta. Amma a nan ma akwai tarko. Yaranmu da yawa in sun shiga sitidiyo sai su ajiye harshen Damagaram a bakin ƙofa, su ari na Kano, su ari kiɗan fiyanon da aka riga aka yi sau dubu. Me zai sa Bakano ya saurari kwaikwayon abin da yake da na asalinsa a unguwarsu? Abin da ba shi da shi shi ne karin maganarmu, da gaurayen Hausa da Barbarci da ke cikin jinin garin nan, da amon algaita da kakaki da ganguna da ke tashi a ƙofar fada ranar hawan salla. Wanda ya iya shigar da waɗannan cikin kiɗan zamani ba tare da ya mai da su ado kawai ba, shi ne kunne zai tsaya a kansa.

Yanzu batun masu tura waƙa a waya, waɗanda mawaƙa ke zagi dare da rana. Gaskiya ne suna karɓar kuɗi a kan gumin wani. Amma a duba labarin Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Abzinawa. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, kuma waƙoƙin ba ta hannun wani kamfani suka yaɗu ba, daga waya zuwa waya suka bi, ta bulutut da katin memori, har suka tsallaka iyakoki. A cikin wayoyin mutane ne Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya kafa kamfanin faifai na Sahel Sounds, ya ji irin waɗannan waƙoƙi, ya tattara wasu a faifai a 2011, daga nan hanya ta buɗe wa Mdou zuwa Turai da Amurka. Abin lura a labarin shi ne sai da baƙon ya sha wahalar bin sawu kafin ya gano masu waƙoƙin, domin da yawa babu suna a jikinsu.

Har yau haka muke. Waƙa ta fita daga sitidiyo da sunan da kwamfuta ta ga dama ta ba ta, ta zagaya Mirya da Magarya da Tanut, ƴan kabu-kabu na sauraro, ana sa ta a gidan biki, amma ba wanda ya san mai ita balle ya kira shi. Gyaran wannan bai kai kuɗin shayi ba. Mawaƙi ya ambaci sunansa a cikin waƙar, kamar yadda makaɗan dauri ke yi, ya rubuta suna da lambar waya a jikin fayil ɗin da hoton da ke tafe da shi, sa'an nan ya kai wa masu turawar da hannunsa, mai kyau, kafin gurɓatacciya ta riga shi isa. Tunda ba zai iya hana su ba, gara su zama ƴan aikensa. Kuɗin mawaƙi a garin nan daga biki da suna da taro yake fitowa, kuma uwar amarya ba ta gayyatar wanda ba ta san yadda za ta same shi ba.

Masu cewa a zuba komai a intanet kuɗi zai riƙa shigowa, su ma a saurare su da kunne ɗaya. Dandalin sauraron waƙa na Spotify ya fara aiki a Nijar a 2021, amma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun ko dala. Abin da ake biya kuma ya danganta da ƙasar da mai sauraron yake, don haka sauraron da aka yi a nan bai kai darajar wanda aka yi a Faransa ko Amurka ba. YouTube na neman mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara kafin ya fara raba kuɗin talla a kan dogayen bidiyo. Kamfanonin da ke kai waƙa waɗannan dandali, irin su DistroKid da TuneCore, da katin banki ake biyan su, abin da yawancin yaranmu ba su da shi. Masu tallar sayar da mabiya da sauraron bogi kuwa, a guje su, don in an gano, cire waƙar ake yi gaba ɗaya.

Duk da haka ina ganin a ɗora ɗin, amma don wani dalili dabam. Waƙar da ta bi ta hannun mai rarrabawa tana samun lambar shaida ta duniya, ISRC, da sunan mai ita da ranar fitarta. In kai ba ka yi ba, wani mai tashar YouTube da bai taɓa ganin unguwar Birni ko Zango ba zai iya ɗora ta da sunansa, har na'urar gano mallaka ta dandalin ta riƙa tare ka a kan waƙarka. A lokacin hujja za a tambaye ka, ba rantsuwa ba.

Wannan ya kawo mu inda na fi ganin sakaci, wato takarda. Muna da hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, kuma rajistar waƙa a wurinta shi ne matakin farko na duk wanda ke son ya ce "tawa ce" a gaban hukuma. Mawaƙa na ƙorafin cewa abin da ake rabawa bai taka kara ya karya ba. To, amma wanda bai yi rajista ba ko a layin masu ƙorafin ba ya ciki. Sai kuma abin da ke faruwa a cikin sitidiyo, wanda kunya ke hana a tattauna. Mai kiɗa ya haɗa maka kiɗa, ka biya. Shin sayen kiɗan ka yi, ko haya? Yana da damar ya sayar wa wani gobe? Alhajin da ya ɗauki nauyin aikin, kyauta ya yi maka, ko yana ganin waƙar tasa ce? Wadda ta yi maka amshi fa, sallamar ranar ce haƙƙinta, ko tana da kaso in waƙar ta tashi? Muddin waƙa ba ta yi suna ba, kowa ɗan uwa ne. Ranar da ta karɓu, kowa zai tuno alkawarin da ba a taɓa yi ba. Rabin shafi da Hausa, wadda yanzu ita ce harshen ƙasa, da sa hannun mutum biyu da shaida ɗaya, ya isa ya tsare zumuncin. Kuma kada mawaƙi ya bar sitidiyo sai da ainihin fayil ɗin waƙarsa mai nauyi, da kiɗan zalla ba murya, a ajiye wuri biyu. Kwamfutar sitidiyo na mutuwa, mai ita na tashi ya koma wani gari.

Nauyin ba na mawaƙa kaɗai ba ne. A 2018 garin nan ya karɓi bikin 18 ga Disamba na ranar jamhuriya, aka yi shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa, aka gyara wurare aka gina wasu. Gini ba ya raya waƙa in sau ɗaya a shekara ake buɗe shi. Da magajin gari da masu kula da al'adu na jiha za su ware dare ɗaya a kowane wata a gidan al'adu, da kayan sauti masu aiki, a tashi da wuri yadda iyaye za su yarda ƴaƴansu mata su zo, da ya fi wa sana'ar amfani a kan gasa goma. Ɗaliban jami'ar André Salifou kaɗai sun isa su cika kujerun. Kuɗin shiga ya zama daidai aljihun ɗalibi, mawaƙa huɗu ko biyar a dare, gidajen rediyon gari su naɗa su sa a cikin mako, a ƙirga kuɗin ƙofa a gaban wakilin mawaƙan, a ba kowa kasonsa a daren kafin a kashe fitila.