Tsutsar kwandon shara: a daina ɗora wa zafin Jidda laifi

Jiya bayan sallar asuba na buɗe ƙofa, sai ga tsutsotsi farare sun yi layi a matakalar imararmu, wato benen da muke haya a ciki, suna fitowa daga ledar da wata maƙwabciya ta jingine a bakin ƙofarta tun shekaranjiya. Ba zan kama suna ba, ta san kanta. Da na yi mata magana, cewa ta yi: "Haba Yaya, zafi ne fa, kowa haka yake fama."

Ni dai ban yarda ba. Zafi ba ya haihuwa, ƙuda ne ke yi. Macen ƙuda ɗaya takan saka ƙwai wajen 100 a zama guda, kuma a irin wannan gumin namu ba sa cika kwana ɗaya sun ƙyanƙyashe. Bayan 'yan kwanaki tsutsar ta ƙoshi, ta rarrafo neman busasshen lungu, ta ƙandare ta yi ruwan ƙasa kamar ƙwayar alkama. Duka-duka kwana 7 zuwa 10 an samu sabon ƙuda. Wanda kika kora daga kan tuwon yara, ƙila a kwandonki ya girma.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kuɗin da muke ƙonawa a maganin feshi. A feshe saman leda, na ƙasa suna can suna walima. Tafasasshen ruwa ya fi shi aiki nesa ba kusa ba: a sheƙa, a wanke kwandon da Clorox, wato ruwan bilic, a kife shi a rana ya bushe ƙarau. Don Allah kada a haɗa Clorox da Flash, ruwan wanke bayi, iskar da suke fitarwa tana shaƙe mutum.

Ranar da maigida ya kawo kifi daga Bangala, kasuwar kifi ta Jidda, kayan ciki da ɓawon ba sa ganin kwandona. Ƙaramar leda nake ƙulle su, in cusa a firiza, sai lokacin fitar da shara. Haka fatar kaza. Ragowar miya a tsiyaye ruwan tukuna, famfas ɗin yara a ƙulle shi daban.

Idan barmil ɗin titi ya cika ya yi kwanaki ba a kwashe ba, wannan kam na baladiyya ne, wato hukumar gari, a kira 940. Amma ledar bakin ƙofa fa? Haris, wato mai gadin gidan, ya ce shi ma ya gaji da wanke matakala, kuma wallahi ban ga laifinsa ba.