Allah ya jiƙan Alhaji, amma wa zai riƙe burtsatsen?

Allah ya gafarta masa. Cikin ayyukan alherin marigayin an ambaci rijiyoyin burtsatse da ya haƙa wa garinsu, to nan ne abin tsoron. Da bazara ruwa yana yin ƙasa, sumo, wato injin da ke jawo ruwa daga cikin rijiyar, ya yi ta aiki a bushe har ya ƙone, ga ɓarayin farantan sola. Da can shi ke biyan gyara daga aljihunsa.

Idan ya bar shago ko gona waƙafi, magada su duba: a mazhabar Malikiyya sai ya miƙa shi tun yana da lafiya. In wasiyya ce kuwa, ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardarsu. A rubuta gaban shaidu, kuɗin haya ya shiga asusun gyara.