Wa ya ce lokacin tsoho ba shi da tsada?

Yau mako uku ke nan da mota ta mutu mana tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari, ni da Baffana, kuma har yanzu abin bai bar raina ba. Na so in yi shiru, amma duk sanda na tuna maganar da aka gaya min a waya ran nan sai in ji zuciyata ta sake ɓaci. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta.

Baffa yayan mahaifina ne, shekararsa 76. Ya yi shekara 35 yana aikin reluwe, mafi yawansu a tashar Zariya, kafin ya yi ritaya ya dawo Kano. Yana da amini a Tudun Wadan Zariya wanda suka kama aiki tare tun suna samari, yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Rabonsu da ganin juna ya haura shekara biyu. Shi ma Baffan ba kullum yake iya tafiya ba, ga ciwon suga ga gwiwa. Sai ya ji jikinsa ya yi daɗi kwana biyu uku a jere sannan yake yarda a sa rana. Shi da kansa ya tsara tafiyar: mu tashi bakwai da rabi, mu isa da hantsi, ya yi azahar a gefen gadon amininsa, mu juyo da la'asar sakaliya, magariba ta yi mana a gida. Bakwai da kwata na same shi a ƙofar gida, zaune kan kujera cikin babbar riga, da ledar dabino da kwalbar zuma a cinyarsa.

Mun wuce Kura, mun wuce Kwanar Gafan da Chiromawa lafiya lau. Muna barin Kwanar Dangora kaɗan sai na ga fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi tauri, allurar zafi tana hawa. Na gangara gefe na buɗe gaban mota. Fambel ya tsinke, lagireto sai tururi yake.

Hankalina bai tashi ba a lokacin, don akwai wani kamfani da nake biya duk shekara bisa alkawarin cewa duk inda mota ta tsaya maka a babbar hanya za su turo bakanike ko janwe. Ba zan kama suna ba, don ba su kaɗai ke yin haka ba. Na kira, aka ɗauka nan take. "Kada ka damu Alhaji, minti arba'in, ga mu nan insha Allahu."

Baffa ya ciro tsohon ambulan ɗin da yake sa katin asibitinsa a ciki, ya dubi agogonsa, ya rubuta a baya: 9:14, minti 40. Ɗabi'ar reluwe ce ta bi masa jiki. A tasha duk jirgin da ya shigo ko ya tashi sai an rubuta lokacinsa a littafi.

Wajen goma saura wani matashi a kan babur ya tsaya, ya yi mana sannu, ya leƙa injin, ya ce akwai bakanike a Tashar Yari, in mun yarda ya je ya ɗauko shi da sabon fambel. Na yi masa godiya na ce ai ga masu taimako nan tafe. Motocin haya na ta wucewa, har wani direba ya rage gudu ya ɗaga yatsa, Zariya mutum ɗaya. Da na sa Baffa a ciki da sha ɗaya ta yi masa a ɗakin amininsa. Ban sa shi ba, saboda an ce min minti arba'in.

Ambulan ya ci gaba da cika. 10:05, an ce bakanike ya taso. 10:50, ya tsaya shan mai. 11:40, ba a ɗauka ba. 12:20, ya wuce Kura. A wannan kiran ne na ce wa mai ɗaukar wayar kamfanin, bawan Allah, ina tare da dattijo mai ciwon suga, tun tara muke rana. Sai ya ce da ni, cikin murya mai laushi: "Allah sarki, a ba Baba haƙuri. Ai ba ofis zai je ba, ya samu inuwa ya huta."

Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Na tabbata a ransa tausayi ya nuna. Wannan ne ma ya fi damuna, don abin da ya faɗa shi ne abin da yawancinmu muka yarda da shi ba tare da mun taɓa tsayawa mun auna ba.

Janwe ya iso uku saura ashirin da biyar, ba bakanike, ba fambel. Direban mutumin kirki ne, ya durƙusa ya gaida Baffa. Shi ya gaya mana bai ji labarinmu ba sai bayan sha biyu, yana can wani aikin tun safe. Ke nan tun kiran farko wanda ya ce minti arba'in ya san babu motar da zai turo.

Na san aikin ba sauƙi gare shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk wani abin da ya shafi sufuri ya tashi, kayan gyara sun yi tsada, janwe ɗaya sai ya yi aikin uku. Da an ce min "Alhaji, motarmu ba ta kusa, sai nan da awa biyar", wallahi ba zan ji haushi ba. Da na kira mai babur ɗin nan, da na tsayar da motar haya, da ranar ba ta lalace ba. Jinkiri abu ne da ake iya shiryawa a kansa. Ƙaryar "ga mu nan" ita ke ɗaure mutum a bakin titi ta hana shi neman wata mafita. Ana kuma rufe ta da insha Allahu, kalmar da Alƙur'ani ya koya mana a Suratul Kahfi don mu jingina ga Allah abin da muka yi niyyar aikatawa. Mun mayar da ita abin sallamar mutum a waya.

To mu dawo kan "ba ofis zai je ba". Mun saba auna lokacin mutum da albashi. Ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan yana ajiye aiki idan ya kai shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, daga ranar kuma sai mu ɗauka sauran kwanakinsa rara ne, kowa na iya ɗiba. Je ka banki ka ga waɗanda ake ce wa "Baba zauna tukuna". Je ka wurin tantance 'yan fansho ka ga waɗanda ake ce wa su dawo gobe. Ko a gidajenmu, wa ake ce wa "zan zo in kai ka anjima" a bar shi sanye da kaya har yamma? Mai matsayi da ɗan kasuwa ana gudun ɓata musu lokaci saboda za su yi faɗa. Tsoho ba zai yi faɗa ba, shi ya sa layinsa kullum ke komawa baya.

Alhali lissafin a juye yake. Ni idan Asabar ɗaya ta salwanta, a zatona akwai wasu masu yawa a gaba. Baffa ya san hadisin da ya ce shekarun wannan al'umma tsakanin sittin ne zuwa saba'in, kaɗan ne ke wucewa, kuma ya san ya wuce. Ba ya faɗa da baƙin ciki, amma da wannan lissafin yake tsara kowane mako. Sannan yinin tsoho ba duka yake morarsa ba. Akwai 'yan awoyi da safe da jiki ke ba shi haɗin kai, akwai lokacin magani, akwai lokacin da dole ya ci abinci ko jiri ya ɗebe shi. Kafin a samu ranar da gwiwa ta lafa, suga ya daidaita, mai kai shi yana da sarari, shi ma wanda za a je dubawa yana cikin hayyacinsa, sai a yi wata biyu ana jira. Irin wannan ranar aka cinye masa.

Inuwar da aka ce ya samu ya huta kuwa, wata 'yar bishiyar darbejiya ce da rana ta yi ta kora mu a ƙarƙashinta. Mutumin da ba ya iya tsuguno sai da na riƙe shi har sau uku muka gangara bayan gona. Biskit da ruwan leda da muka saya hannun wata yarinya su ne abincin ranarsa. Azahar a zaune ya yi ta kan kujerar mota, ƙofa a buɗe, tireloli na wucewa suna girgiza mu. Na karyo ganye na jera a kan kwalta kamar yadda kowa ke yi, amma duk wanda ya san hanyar nan ya san ganye ba ya tsayar da tirelar da birkinta ya ƙwace, kuma ba wanda ke son duhu ya same shi a daji a wannan zamani.

Ina jin ana cewa wai mu ba mu san darajar lokaci ba, al'adarmu ce. Ban yarda ba. Dubi sahun farko a masallacin unguwarku da asuba ka ga su wa ke ciki. Idan an ce ɗaurin aure sha ɗaya, dubi waɗanda ke zaune kan tabarma tun goma da rabi. Iyayenmu da ba su da agogo sun raba yini dalla-dalla, asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, kuma idan suka ce da hantsi to da hantsin za ka gan su. Mu da muke da agogo a waya mu ne muka lalata alkawari.

Wani zai ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Tsinkewar fambel ƙaddara ce, na karɓa. Mai ɗaukar waya da ya zaɓi ya faɗi abin da ya san ba haka ba ne, wannan aikin hannunsa ne. Baffa kuwa ya yi haƙurin, ko tsaki ban ji ya yi ba. Da biyu ta gota ya karɓi wayata ya kira ɗan amininsa ya ce, "Ka gaya wa Malam kada ya jira ni da abinci." Sai da muka ɗaga shi da ƙyar ya hau gaban janwe, muka juyo Kano, sannan ya ce da ni, "A reluwe idan jirgi zai makara sai mu buga wa tashar gaba mu gaya musu, don mai jira ya san abin da zai yi." Bai ƙara komai ba har gida.

Masu wannan sana'a, abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku faɗi gaskiyar lokaci ko da ba ta da daɗi. Ku tambayi wa ke cikin motar tun a kiran farko, don samari huɗu da tsoho mai suga ba jira ɗaya suke yi ba. Kuma ba sai komai ya taso daga Kano ba. Kusan kowane gari a kan hanyar nan akwai kanikawa da masu faci, akwai ƙungiyar kanikawa ta NATA, akwai 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW a tasha. Me zai hana ku ƙulla da su, wanda ya fi kusa ya fara zuwa? Mu ma masu mota mu sani, inshorar nan ta naira 15,000 da muke yanka tun 2023 ta wanda ka yi wa ɓarna ce, ba ta janye maka mota. A ajiye lambar hukumar kiyaye haɗurra, 122, da ta gaggawa, 112, a kuma riƙa duba fambel da taya kafin a ɗauki dattijo a hanya. Wannan ɓangaren nawa ne, na kuma ɗauka.

Gwiwar Baffa ta kumbura bayan mun dawo, ya yi kwana goma ba ya zuwa masallaci. Zumar tana nan kan tebur a ɗakinsa, ambulan ɗin ma bai yar ba. Jiya da na je gaishe shi ya tambaye ni ko an sa sabon fambel, na ce an sa, har na ajiye wani a but. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, in jiki ya yarda, Asabar ta sama. Bakwai da rabi."