Shiga rajistar tarihi ba ya hana katanga zubewa

Duk ranar da aka sanar cewa wata tsohuwar makaranta ta shiga jerin gine-ginen tarihi, tsofaffin ɗalibai kan yi murna kamar an gama magana. A ganina a ranar ne aikin ya fara. Rajista dai hani ce: kada a rushe, kada a sauya fasali sai da izini. Ba ta gyara rufin da ke yoyo.

A duba Makarantar Zane-zane ta Glasgow, wadda Charles Rennie Mackintosh ya tsara, aka kammala ta a 1909. Tana rukunin A, matsayi mafi girma a rajistar Sikotlan. Duk da haka gobara ta ci ta a 2014, wutar ta bi tsofaffin hanyoyin iska da ke cikin bango, alhali na'urar kashe gobarar da ake sakawa ba a gama haɗa ta ba. A 2018, ana dab da kammala gyara, wata gobarar ta sake tashi, ta fi ta farko ɓarna.

Ginin ƙasa kuwa ba ya jiran gobara, damina ta ishe shi. Tsohuwar Kwalejin Katsina, da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ta zama abin tarihi na ƙasa tun 1959. Irin wannan gini rayuwarsa yaɓe ne a kan kari da gyaran indararo. Wanda ya shafe shi da siminti don ya huta, ya kulle danshi ne a ciki, ƙasar ta riƙa ruɓewa a ɓoye har bango ya tsage. Kuma magina masu sanin wannan aiki tsufa suke yi, matasa sun koma bulo.

Masu cewa ɗalibi aji yake buƙata, ba tarihi ba, suna da hujja. Shugaban makarantar da aka hana shi taɓa ginin, ba a kuma ba shi kuɗin kula da shi ba, kulle ɗakunan zai yi, ɗakin da aka kulle kuma na gara ne da jemagu.

Don haka hukumar da za ta sa makaranta a rajista ta fito da kasafin gyara na kowace shekara, ta faɗi wanda zai biya, ta kuma amince a sa wayar lantarki da na'urar kashe gobara ta zamani, ko da hakan zai ɗan taɓa ainihin fasalin.